Jan Keji Da Shuɗin Keji

Shafi na 27

Na ga saƙonninku. Masu cewa Auta ta yafe wa Farfesa don ya haife ta a shekaru, ku ajiye wannan wa'azin tukuna. Ni da na rubuta abin da ya yi mata da hannuna, har yanzu haushinsa nake ji. Wanda ya shigo mana yau kuma, ga kujera nan.

*

Warin ɗakin ɓeraye ne ya fara yi mata sannu da zuwa. Wata biyar rabonta da cibiyar binciken, amma hancinta bai manta ba.

Baba mai ɓeraye yana tsugunne yana wanke kwalaben ruwa. Shekara ashirin da shida yana kula da dabbobin gwaji a nan, kuma shi kaɗai ya raka ta bakin ƙofa ranar da aka kore ta.

"Auta? Wa ya bar ki kika shigo?"

"Wanda ya kore ni, Baba. Shi ya aiko a kira ni."

"To, Allah ya sa alheri."

"Alherin gobe ne. Ina ambulan ɗina?"

Ya goge hannu a jikin rigar aikinsa, ya tsaya yana kallonta.

Shekara huɗu Auta ta yi tana bin diddigin wani furotin, ɗan ƙaramin sinadari da jikin mutum ke ƙerawa da kansa. Duk ƙwaƙwalwar mai ciwon mantuwa da aka duba, sai a tarar da shi jibge kusa da dattin da ke taruwa yana kashe ƙwaƙwalwar. Kowa ya ce shi ne mai laifin. Akwai kuma wani tsohon magani da aka daɗe ana bayarwa don wata cuta daban, wanda aka lura yana rage furotin ɗin. Shi ta gwada a kan ɓeraye arba'in masu irin wannan ciwon, rabi a zuba musu maganin a ruwan sha, rabi a ba su ruwa zalla.

Dokar aikin ita ce mai gwajin kada ta san waɗanne ne suka sha magani, don kada son zuciya ya shiga lissafi. Baba ne ke haɗa ruwan, ya rubuta sirrin a takarda, ya liƙe a ambulan sai an gama.

Amma a ɗakin binciken Farfesa, tun kafin Auta ta gama firamare, kejin da aka manna wa jan salatif shi ne na magani. Har mai shara ya san haka. Shi ya sa ta ce wa Baba ya jefa kwabo sama, inda ya faɗi nan ne magani, kada ya faɗa wa kowa, har ita.

Ɓerayen jajayen keji suka riƙa gane hanyar abinci a akwatin lunguna. Shuɗayen suka riƙa ɓata suna kewaya lungu ɗaya. Farfesa ya ga lissafin, ya ga ja, ya ga suna da lambar yabo na ƙyalli a gabansa. Cikin sati ɗaya ya laƙa mata laifin lalacewar firiza, ya karɓe katinta na shiga, ya buga aikin a mujalla da sunansa. Bai nemi ambulan ba. Shi da ba ya shiga ɗakin nan saboda wari, ina zai san da zamansa?

Ranar da take fita da kwalin kayanta Baba ya raɗa mata a kunne cewa shuɗayen ne suka sha magani.

"Ki faɗa masa yau," in ji Baba, yana ciro ambulan ɗin daga ƙasan durowar safar hannu.

"Kai da ka je faɗa masa tun a lokacin, me ya ce maka?"

Baba ya sunkuyar da kai.

"Ya ce iyakata kashin ɓera."

"To ka tsaya a iyakarka, Baba. Ni ma ya ce ba ni da kan bincike, in koma gida in yi jinyar uwata. A gaban ɗalibaina ya faɗa."

"Na riƙe miki bakina wata biyar don kin roƙe ni. Amma abin yana cina."

"Saura kwana ɗaya. Gobe ƙarfe goma zai hau mumbari a babban taro, ga manyan likitoci, ga masu kamfanin magani, ga 'yan jarida. Zai faɗa musu a kashe furotin ɗin nan mutane su warke. In ya gama, an tafa, an ce akwai mai tambaya, sai in ɗaga hannu."

"Ki ce me?"

"In ce ranka ya daɗe, wanda ka kama da tsintsiya kusa da bola, shara ya zo yi, ba shi ya zubar ba. Furotin ɗin nan kare ƙwaƙwalwa yake. Ɓerayen da ka rage musu shi su suka fi lalacewa. Ga ambulan, ko buɗe shi ba a yi ba, buɗe da hannunka."

"Zuciyarki ta yi tauri, yarinya."

"Shi ya dafa ta."

Ta zura ambulan ɗin cikin bangon littafin aikinta, ta rufe. Ta ce a ranta za ta cire shi kafin ta miƙa wa Farfesa littafin, don shi ya ce ta kawo masa.

*

Ofishin Farfesa yana nan yadda ta bar shi, sai sabon firam a bango. Shafin farko na takardar da aka buga ne a ciki, da sunansa shi kaɗai, ɓaro-ɓaro.

"'Yata. Shigo, shigo. Kin rame."

Aminin marigayi mahaifinta ne. Da can Kawu take ce masa, har ta kan durƙusa in za ta gaishe shi. Yau a tsaye ta ce, "Barka da rana, Farfesa."

Ya ji canjin, ya yi kamar bai ji ba.

"Zauna. A kawo miki shayi?"

"Na ƙoshi."

Ta zauna, ta ɗora littafin a cinya, ta dafe shi da hannu biyu. Idonsa ya sauka a kai bai ɗauke ba.

"Shi ne wannan?"

"Shi ne."

"Masu shirya taron ne suka ce suna son ganin ainihin littafin aiki. Kin san su da tsirfa. Abin da ya wuce ya wuce, ni ban riƙe ki a rai ba."

Ku ji min mutum. Shi ne ma zai yafe.

"Na gode da ba ka riƙe ni ba," ta ce.

"Kuma na sa a ƙara sunanki a shafin ƙarshe na jawabin. Wajen godiya."

"Wajen godiya."

"Eh."

"Sama da direba ko ƙasa da shi?"

Ya haɗe rai.

"Ban son rashin kunya."

"Tambaya ce kawai. Shekara huɗu ina cikin ɗakin can, har tsintsiyar hannuna ɓera ya ciza, ga tabon. Ranar da aka rufe babana, washegari na dawo don kada awon sati na tara ya wuce ni. Kai ka zo ka dafa kaina ka ce ka zama ubana. Ina so in san a layi na nawa ubana ya ajiye ni."

"Ke yarinya ce. Tunanin nawa ne, ɗakin nawa ne, kayan aikin nawa ne. Ke hannu ce."

"Hannu."

"Hannu mai kyau, ban musa ba. Amma duniya ba ta tambayar sunan hannu."

Ta yi murmushi. Daɗi ta ji har cikin ƙashinta, don duk kalmar da ya ƙara, ƙara mata nauyin dutsen gobe yake.

"Farfesa, ka karanta littafin nan kuwa kafin ka buga?"

"Na ga lissafin. Shekara talatin ina wannan aikin, kallo ɗaya ya ishe ni."

"Ka tabbata da komai?"

"Jajaye sun warke, shuɗaye sun lalace. Ko ɗan aji ɗaya zai gane."

"Haka ne. Ko ɗan aji ɗaya."

"Za ki zo goben?"

"Ko da rarrafe. Kujerar gaba nake so."

Ya saki fuska, ya jingina da kujera. Ya ɗauka ta sauko. Mutum irin Farfesa in ya ga alamar an rusuna masa, bakinsa ba ya iya rufuwa.

"To bari in ba ki albishir, tunda ke ta gida ce. Abin da zan faɗa gobe ya wuce ɓeraye."

"Kamar yaya?"

"Na fara ba mutane."

Murmushin ya bushe a fuskarta.

"Ba mutane me?"

"Maganin mana. Mutum goma sha ɗaya, a asibitina. Sati bakwai ke nan."

"Wa ya ba ka izini?"

"Izinin me? Magani ne da ke kowane kemis, ni kuma likita ne, ina da alƙalamina. In na tsaya jiran kwamiti, wasu za su riga ni."

"Yaya suke? Mutanen?"

Ya kaɗa hannu.

"Wasu iyalan na ƙorafin ruɗewa ta ƙaru. Somin aiki ne, jiki na sabawa. Na ma ninka musu sati biyu da suka wuce."

Wata biyar tana lissafin faɗuwarsa, ta lissafa tafi, ta lissafa 'yan jarida, ta lissafa har kalar rigar da za ta sa. Ko sau ɗaya ba ta lissafa mutum mai haɗiyar ƙwaya ba.

"Su wane ne?"

"Sirrin majinyata ne. Amma ta farko a jerin ai ba sai na ɓoye miki ba."

Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda ya yi abin kirki yana jiran a gode masa.

"Yayanki bai faɗa miki ba? Shi ya kawo ta da kansa. Na ce matar aminina ba za ta bi layi ba. Kin ga duk da abin da kika yi min, ban manta da Umma ba."

Ba ta san ta miƙe ba. Ta dai ji ƙarar wani abu ya faɗi ƙasa, ta ji yana kiran "'Yata, 'yata," ita kuwa tana kan matakala tana tsallake bibbiyu.

*

Gidan Yaya tafiyar minti ashirin ce a mota. Can Umma take zaune tun da ciwon mantuwarta ya yi ƙarfi, Auta na zuwa duk ƙarshen mako ta yi mata wanka da tsifa.

A hanya abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Sati huɗu da suka wuce Umma ta sa takalmi a firij. Sati biyu, ta kasa gane ƙofar banɗaki a gidan da ta shekara uku a ciki. Auta ta gani da idonta, ta ce ciwon ne ke tafiyarsa, ta koma gida ta ci gaba da bitar tambayar da za ta yi wa Farfesa a gaban madubi. Ita da ta yi wata da watanni tana kallon shuɗayen keji suna kewaya lungu ɗaya.

Yaya yana falo da rigar aikinsa ta kanikanci, yana cin abincin rana a makare.

"Ke kuma lafiya? Yau ba Asabar ba."

Ta wuce ɗakin Umma kai tsaye. Ta buɗe durowar gefen gado, ta zazzage. Man zafi, carbi, tabarau, maganin hawan jini. Can ƙasa, cikin ledar kemis, ga kwalin. Ta juya shi. Da rubutun Farfesa a jiki, biyu safe, biyu yamma.

Yaya ya tsaya bakin ƙofa, hannunsa da maiƙo.

"Au, kin gani."

"Don me ka ɓoye min?"

"Don na san halinki. Da na ce Kawu, sai ki hau sama."

"Ba Kawuna ba ne."

"Kin ji ko? Abin da na guda ke nan. Ke da shi kuna rigimarku ta suna a takarda, ni uwata nake gani tana narkewa a gabana. Ni nake tashi in ta fita tsakar gida tana neman marigayi babanmu. Ni nake ɓoye wuƙaƙe."

"Yaya, ka daina ba ta. Daga yanzu. Ko rabin ƙwaya."

"Saboda me? Ba aikinki ba ne? Ba ke kika zauna a falon can shekara biyu da suka wuce kina ce mana kin kusa gano maganin Umma ba? Ni ban yi karatunku ba, amma na ce ko ya sace, ai abin ƙanwata ya sace, kuma ƙanwata ba ta aikin banza. Don na yarda da ke na kai ta."

Maganar ta soke ta fiye da zagi.

"Ta sha na safe?"

"Ta sha. Da hannuna na ba ta."

Labulen banɗaki ya motsa. Umma ta fito a hankali tana dafa bango, ɗankwalinta a karkace, rigarta a bai-bai. Shekara talatin ta yi tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, ita ta fara nuna wa Auta yadda ake jan layi a littafi. Ciwon ya ɗauke mata sunayen jikoki, ya ɗauke ranakun mako, ya ɗauke mutuwar mijinta. Amma duk ranar da Auta ta shigo, sai ta ɗago ta ce, "Autata ta zo." Wannan kaɗai ya rage, kuma ko Asabar da ta wuce ta faɗa, duk da sai da ta daɗe tana nema.

Auta ta durƙusa ta kama hannunta.

"Umma, sannu. Bari in gyara miki rigar."

Umma ta dube ta. Ta daɗe tana duba, da ladabi, yadda ake duban baƙo. Sannan ta zare hannunta a hankali, ta juya wajen Yaya.

"Malam, baiwar Allahn nan wa take nema?"

Yaya ya kau da kai. Auta ta kasa tashi daga durƙuson.

"Shekaranjiya ta fara," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Ni ma Malam na koma. Na kira Kawu, ya ce somin aiki ne."

"Ba somin aiki ba ne."

Ta faɗa masa. Ja da shuɗi, kwabon da Baba ya jefa, furotin da aka kama da laifin da ba nasa ba. Ta faɗa cikin sauri, tana haɗiye kalmomi. Abu ɗaya ta tsallake, ranar da ta sani.

Yaya ya zauna a bakin gado kamar an zare masa laka.

"Wato guba nake ba ta."

"Ba ka sani ba."

"In an daina, za ta dawo?"

"Ban sani ba, Yaya. Ban kai ga gwada wannan ba ya kore ni."

"Wallahi sai na ga bayan mutumin nan. Kina da shaida?"

"Ina da ita. Gobe a gaban duniya zan..."

Ta jawo jakarta, ta zuge. Waya, makulli, biro, ɗan madubi. Ta juye ta a kan gado. Babu littafi.

Sai ta tuna ƙarar abin da ya faɗi.

Kafin ta buɗe baki wayar ta hau ruri a kan zanin gado. Sunan da ke jiki tun wata biyar ta canza shi daga Kawu zuwa Ɓarawo. Yaya ya riga ta kai hannu, ya danna lasifika, ya ajiye a tsakaninsu.

Muryar Farfesa ta fito a natse, babu 'yata, babu dariya.

"Kin yar da wani abu a ofishina. Na buɗe."

Ta dubi jakar da ta zazzage a kan gado.

"Na sauka ɗakin ɓeraye da ƙafata, karo na farko cikin shekara goma. Tsohon bai iya ƙarya ba, tambaya biyu na yi masa."

"Ka dakatar da maganin," ta ce. "Ka kira iyalan nan goma yanzu. In ba haka ba na rantse gobe sai na tsaya a gaban..."

"Ki tsaya. Zan sa a ajiye miki kujerar gaban da kika nema. Ni kuskure na yi, kuma likitoci na kuskure. In kin ɗaga hannu zan ba ki dama ki gama tsaf, sannan ni ma in yi miki tambaya ɗaya a gaban 'yan jaridar. Ni yau na sani. Ke tun yaushe kika sani?"

Ya kashe.

Umma na gefe tana ninke ɗankwalinta tana warwarewa.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki kwalin maganin, ya dubi guraben ƙwayoyin da suka ƙare, ya ɗago ya zuba mata ido.

"Sati bakwai nake ba ta," ya ce. "Auta, ke tun yaushe?"